A Buɗe Wa Mawaƙa Naƙasassu Ƙofar Tarukan Adabi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini don mu ja hankalin masu shirya gasar rubutattun waƙoƙi da tarukan marubuta. Kowa na alfahari da Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya tsara Imfiraji da ka, wasu suka rubuta masa. Amma da yau ne, yawancin gasanninmu ba za su karɓe shi ba, domin sharaɗinsu na farko shi ne a turo waƙa a buge. Me zai hana a karɓi muryar da aka naɗa a waya, kwamiti ya sa a rubuta, a karanta wa mai waƙar ya tabbatar kafin ta je gaban alƙalai?

Ɓarnar da ta fi yawa tana wajen bugu. Makaho na karatu da manhajar da ke furta rubutu, irin su NVDA a kwamfuta ko TalkBack a waya. Idan aka ɗauki hoton shafi aka ɗora a intanet, ba abin da manhajar za ta gani. Idan kuma aka buga da tsofaffin salon haruffan nan da ke ɓoye ƙ da ɗ da ɓ a ƙarƙashin alamomi, sai ta riƙa kiran sunan alama a tsakiyar kalma, karin waƙa ya karye, amsa-amo ya ɓace. Maganinsa Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya da ya ba kowane harafi lambarsa, kowane ɗango a layinsa, da fili tsakanin baitoci. Masu fakewa da haƙƙin mallaka su sani Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh a 2017, wadda ta halatta mayar da littafi sigar da makafi ke karantawa.

Ga masu keken guragu, hawa dandamali kuwa lissafi ne: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na gangare. Dandamali mai santimita 60 sai gangaren mita 7.2, ba ƙyauren da aka jingina ba. In babu wuri, kowa ya sauko ƙasa ya karanta, har da babban baƙo. Cicciɓar gurgu da kekensa a bainar jama'a cin fuska ne, ko da an yi da kyakkyawar niyya. Dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya wuce.

Ga kurame, a ɗauki tafinta biyu su riƙa karɓa-karɓa duk minti 20, a ba tafintocin waƙoƙin tun da saura mako guda, don ba a fassara jirwaye da kamance nan take. A kuma tambayi mahalarta: maganar hannu ta gida suke yi, ko wadda ake koyarwa a makaranta? Ba ɗaya ba ne.

Ku ma, Malam Edita, shafinku na waƙoƙi ya riƙa fitowa a rubutu, ba a hoto ba.

Wassalam,
Wasu malaman adabin Hausa, Zariya