Mai Haɗa Sutura Ba Tela Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi bayani kan sana'ar da nake ƙoƙarin kafawa a Kano ba tare da ina ƙarƙashin kowa ba, wato haɗa wa mutane sutura.

Da yawa suna ɗaukata tela ko mai kwalliya, alhali aikina shi ne in duba launin fatar amarya da yanayin jikinta, in shiga Kantin Kwari in zaɓo leshi ko atamfa ko shaddar da za ta karɓe ta, in bi tela har ɗinki ya fito, sannan in daidaita mayafi da ɗauri da takalmi da sarƙa. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin aiki, domin kwanan nan wata uwar biki ta sallame ni da godiya kawai bayan na yi kwana 3 ina zirga-zirgar kasuwa, wai ai ban taɓa allura ba.

A Legas, inda ake gudanar da bikin baje kolin sutura na Lagos Fashion Week tun 2011, an san wannan sana'a kuma ana biyan masu yinta. Ina kira ga masu shirya finafinan Kannywood da masu shirya bukukuwa su riƙa ware mana kaso a lissafinsu tun kafin a fara aiki.

Wassalam.
Wata mai karatu, daga Kano