Rahoton Ayyukan Shekara: Dodannin Sendak Daga Littafi Zuwa Majigi

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, malamai da iyaye da masu kula da ɗakunan karatun yara.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin ayyukan shekarar da ta ƙare, kamar yadda babban taro ya ɗora mana. Bayanin kuɗi ma'aji zai kawo shi daban, tare da jerin littattafan da aka ara ba a dawo da su ba. Zaman karatun yara na ƙarshen mako ya gudana yadda aka saba. An kuma koma ɗinke littattafan hoto da suka yage da allura da zare, aka bar salatif, domin yakan saki idan zafi ya yi, ya bar danƙo a kan zane.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamitin nazari shi ne tambayar da membobi suka sha kawowa: idan an mayar da littafin hoto na yara fim, kuma masu sharhi suka yaba, shin wannan ya isa a haska wa yara shi? Mun zaɓi misali guda muka bi shi daki-daki, wato Where the Wild Things Are.

Littafin da abin da ke cikinsa

Maurice Sendak, ɗan unguwar Brooklyn a birnin New York na Amurka, shi ya rubuta littafin ya kuma zana hotunansa. Ya fito a 1963, ya ci lambar Caldecott, wadda ake ba littattafan hoto na yara a Amurka, a 1964. Kalmominsa 338 ne kacal, mai karatu a bayyane zai gama shi cikin 'yan mintuna. Yaro Max ya sa rigar kerkeci yana ta ɓarna, uwarsa ta tura shi ɗaki ba abincin dare. Ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya hau jirgin ruwa ya isa ƙasar dodanni, ya tsare su da ido ba ƙiftawa har suka rusuna suka naɗa shi sarki. Aka yi shagali. Kewa ta kama shi, ya jiyo ƙamshin abinci, ya koma ɗakinsa ya tarar da abincinsa yana jira, da zafinsa.

Abubuwa uku ne suka kamata mai koyar da littafin ya lura da su, domin a kansu duk gardamar fim ɗin ta tsaya. Uwar ba ta bayyana a hoto ko sau ɗaya. Dodannin ba su da suna, ba su da tarihi. Sannan hotunan suna ƙara girma shafi bayan shafi har su cinye gefen takarda, a shagalin ma babu kalma ko ɗaya a buɗe uku a jere, daga nan su soma raguwa yayin da yaron ke komawa gida. Wato girman hoton shi ke auna zafin zuciyar Max. Majigi ba shi da wannan dabara, allonsa girma ɗaya ne daga fari har ƙarshe.

Da me aka cika minti 101?

Fim ɗin ya fito a Amurka ranar 16 ga Oktoba 2009 a hannun Warner Bros. Spike Jonze ya ba da umarni, shi da Dave Eggers suka rubuta labarin, Sendak kansa yana cikin masu shiryawa. An ɗauke shi a jihar Victoria ta Ostireliya tun 2006, jinkirin ya biyo bayan saɓani da kamfanin kan ko abin ya yi wa yara nauyi, da kuma aikin fuskokin dodanni. Kamfanin Jim Henson's Creature Shop ne suka ɗinka manyan rigunan dodannin da mutane ke shiga ciki. Kawunan masu na'urar motsa fuska sun yi nauyi ƙwarai ga mai gudu da tsalle, sai aka cire na'urar, kamfanin Framestore ya ɗora motsin ido da baki da kwamfuta daga baya. Wannan haɗin ya yi kyau, kuma kusan duk masu sharhi sun yarda da haka: gashin jikinsu na ɗaukar ƙura da gaske, ƙafarsu na da nauyi a kan yashi.

A nan gizo ke saƙar. Kalmomi 338 ba za su cika minti 101 ba, dole a ƙaro kaya. Jonze da Eggers ba su ƙaro mugu ko wata taska da za a nema ba, kamar yadda aka saba. Damuwa suka ƙaro. An ba Max yaya mai suna Claire wadda abokanta suka rushe masa ɗakin ƙanƙarar da ya gina. An ba shi uwa da ke rainon 'ya'ya ita kaɗai, Catherine Keener ta fito a matsayinta. Malaminsu a aji ya gaya musu wata rana ita kanta rana za ta mutu. Ɗakin da ke zama daji, wanda shi ne zuciyar littafin, an cire shi: a fim Max cizon uwarsa ya yi ya fice daga gida da gudu cikin dare. Sendak bai so wannan canjin ba, amma ya bar Jonze ya bi ra'ayinsa.

Dodannin kuma an raɗa musu suna, kowanne ya ɗauki wani ɓangare na halin yaron. Carol, da muryar James Gandolfini, shi ne mai fushi da rusa abin da ya gina. KW mai janye jiki ce, tana da sababbin abokai, kamar dai yayar Max. Judith mai ƙorafi, Alexander kuma ƙaramin da ba wanda ke saurara. Sarautar Max ta fara ne da ganin ƙasusuwan sarakunan baya, ta ƙare da Carol ya fizge hannun amininsa Douglas, aka maye shi da sanda.

Inda masu sharhi suka rabu

Akasarinsu sun yaba. A shafukan intanet masu tattara sharhin fina-finai, fim ɗin na da kashi 70 da ɗoriya cikin ɗari a Rotten Tomatoes, a Metacritic kuma maki 71 cikin 100. Muna tunatar da membobi cewa adadin Rotten Tomatoes ba makin jarrabawa ba ne, yawan sharhin da ya karkata ga yabo ne. Wanda ya ce "ba laifi" da wanda ya ce "babu kamarsa" ƙuri'a ɗaya suke da ita, don haka adadin ba ya nuna zurfin saɓani. Manohla Dargis ta The New York Times ta yaba ƙwarai. Roger Ebert ya ba shi tauraro uku cikin huɗu, amma ya ce ya ji tsawonsa. David Denby na The New Yorker ya koka cewa dodannin sun koma kamar manyan mutane masu mita da gunaguni. A ganinmu wannan suka tana da tushe: tsakiyar fim ɗin, bayan jifar juna da curin ƙasa, ta zama zaman ƙorafin wa aka fi so, kuma yaro ƙarami ba shi da abin kamawa a ciki.

Iyaye kuwa tambayarsu daban ce, ko zai tsorata yara. Da mujallar Newsweek ta kai wa Sendak wannan tambaya, amsa mai kaushi ya bayar, ya ce ba zai lamunci tambayar ba ma. Ba sabon abu ba ne a wurinsa, tun fitowar littafin ake cewa ya yi ban tsoro, har masanin halayyar yara Bruno Bettelheim ya soke shi a 1969 kan batun tura yaro barci da yunwa. Jonze shi ma ya sha faɗi cewa fim ya yi a kan ƙuruciya, ba fim ɗin yara ba. To amma an tallata shi da darajar PG, wato yara na iya kallo bisa shawarar iyaye, iyaye suka kwashi ƙanana suka je. Makon farko ya kawo sama da dala miliyan 32, mako na biyu cinikin ya sauka da fiye da rabi. A ƙarshe abin da ya tara a duniya bai wuce kimanin dala miliyan 100 ba, kusan daidai da kuɗin da aka kashe wajen yin sa, ban da na talla.

Hukuncin kwamiti shi ne masu sharhi da iyaye ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Mai sharhi babba ne da ke tuna ƙuruciyarsa, fim ɗin kuwa da shi yake magana. Yabonsa gaskiya ne, sai dai ba izinin haska wa ɗan shekara biyar ba ne.

Don kwatance mun duba wasu fina-finan da aka yi daga littattafan hoto a gurguje. The Cat in the Hat na 2003 ya cika giɓin da barkwancin manya, aka yi masa ca, har Audrey Geisel, matar marubucin littafin, Dr. Seuss, ta hana a sake yin irinsa da 'yan wasa na zahiri. The Polar Express na 2004 ya sha suka kan idanun mutanensa da suka yi kama da na gunki, ko da yake Ebert tauraro huɗu ya ba shi. The Gruffalo na 2009 bai kai rabin awa ba, bai buƙaci ciko ba, ya kuma shiga takarar Oscar ta gajeren fim.

Abin da ke lalacewa wajen haskawa

Mai ɗaukar hoto Lance Acord ya ɗauki fim ɗin na Jonze da kyamarar hannu da hasken rana na asali, wurare da yawa da almuru ne ko gefen wuta. Ƙaramin majigi a ɗakin da haske ke shiga ba ya fito da su, fuskokin dodanni sai su zama baƙin dunƙule. A rufe tagogi da baƙin yadi, ko a bari sai bayan Magariba. Maganar 'yan wasan ƙasa-ƙasa ce, suna katse juna, ƙarar janareta na haɗiye ta, don haka a nisanta shi da dogon waya, a sa lasifika a gaban masu kallo kusa da allo.

Mai fassara kada ya bi kowace jimla, zai rufe kiɗan Karen O da Carter Burwell wanda ke ɗauke da rabin ma'anar. Ya taƙaita a ƙarshen kowace fitowa. Akwai kuma tarkon kalma. A littafin sunan da uwar ta kira Max da shi, shi ne sunan halittun. Idan aka ce ta kira shi "gagararre" sannan aka kira su "dodanni", igiyar ta tsinke. A sa ta ce masa "kai dodo ne". Sai dai a shirya wa abin da zai biyo baya: yaran da suka tashi da tatsuniya sun san Dodo maciyin mutane ne da ake kayarwa da wayo, za su jira a kashe shi, kuma ba za a kashe shi ba. A gaya musu tun farko cewa waɗannan dodannin fushin yaron ne da kewarsa.

Iyaye su san cewa a farkon fim ɗin akwai inda Max ya hau teburin kicin yana yi wa uwarsa tsawa, da cizon, da fitowar uwar tare da saurayinta a falo. Wanda zai jagoranci zama ya kalla shi kaɗai tukuna, ya rubuta mintunan waɗannan wuraren da na fizge hannu.

Matsayar da aka cim ma

Littafin ya zauna a zaman ƙananan yara, a karanta shi a tsaya a shafukan shagali a bar su su faɗi abin da suke gani. Fim ɗin kuwa na 'yan shekara goma zuwa sama ne, a zama biyu, a yanke a daidai fara gina ganuwar dodanni, kuma sai an karanta littafin a ranar. Haskawa a bainar jama'a na buƙatar izinin masu haƙƙin mallaka, sayen faifai bai wadatar ba, don haka babu reshen da zai karɓi kuɗin shiga.

A shekara mai zuwa kwamitin zai juyo gida da irin wannan nazari, a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da fim ɗin da Adamu Halilu ya yi daga gare shi a 1976. Ba littafin hoto ba ne, matsalarsa ma akasin ta Sendak ce, wato me za a rage maimakon me za a ƙara. Duk memban da ke da tsohuwar ɗab'in littafin ya miƙa wa sakatare don a kwatanta da wadda ke kasuwa.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa