Wata goma sha huɗu zaurenmu na netbol yana kulle

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da ma'aikatan sashen wasanni baki ɗaya. Ni mai saurarenku ce daga birnin Manchesta a Ingila, inda aure ya kawo ni shekara 11 da suka wuce, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau.

Na ji waiwayen da kuka yi a kan yadda korona ta dagula wasanni: Firimiya babu 'yan kallo, gasar Olamfik ta Tokyo da aka ɗage zuwa 2021, kulob-kulob da suka tafka asara. Duk haka aka yi. Amma a tsakiyar shirin an ce wasannin unguwa sun dawo a Ingila tun ƙarshen watan Maris na 2021, kuma wannan jimlar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ga 'yan ƙwallon ƙafa sun dawo ranar 29 ga Maris. Mu sai da muka ƙara jiran mako bakwai, kuma ina so masu sauraro su san dalili.

Ni ce sakatariyar wata ƙaramar cibiyar netbol ta mata a unguwarmu, aikin sa kai, ba ko kwabo. Ga wanda bai san wasan ba, ɗan'uwan ƙwallon kwando ne, sai dai ba a gudu da ƙwallo kuma ba a tafiya ana buga ta da ƙasa. Idan ta shigo hannunki, daƙiƙa uku gare ki ki miƙa wa wata. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare, kowacce da harafi ɗaya ko biyu a gaban riga da ke nuna iyakar inda za ta taka, kuma biyu kaɗai ke da izinin jefawa a zobe, wanda tsawonsa daga ƙasa mita 3.05 ne, ba allo a bayansa. Na fara ganin sandunansa ne a makarantar 'yan mata da na yi a gida, sun yi tsatsa a gefen fili, babu mai koya mana. A nan na koya, ina da 'ya'ya uku, ta hanyar shirin Back to Netball da hukumar England Netball ta fito da shi domin manyan mata. Bayan Ingila ta doke Ostareliya da 52 da 51 a wasan ƙarshe na gasar Kwamanwel ta 2018, sai ga gasar cin kofin duniya a Libaful a 2019, mata suka yi ta tururuwa. Kafin annobar muna da mata arba'in da 'yan kai a rajista: Hausawan Najeriya da na Gana, 'yan Somaliya, 'yan Pakistan, 'yan Jamaika, da Turawa kaɗan.

Ba mu da gini namu. Zauren wasa na wata makarantar sakandare muke haya, daren Talata da safiyar Asabar. Abin da ya tara mu a wannan zaure shi ne ƙofarsa tana kulluwa daga ciki, tagoginsa kuma can sama suke. Mun yi yarjejeniya da maigadin cewa ba ya leƙowa sai an kira shi. Fiye da rabin matanmu masu hijabi ne. Mace za ta shigo da abaya har ƙasa, ta rataye ta a ƙusa, ta ɗaure takalmi, ta yi tsalle ta yi ihu son ranta na awa ɗaya da rabi, ta mayar da abayarta ta koma gida. Da yawa daga cikinsu da wannan sharaɗin mazajensu da iyayensu suka amince, kuma su kansu ba za su yarda da wanin haka ba. Wanda bai fahimci wannan ƙofar ba, ba zai fahimci komai daga abin da ya same mu ba.

Ranar 23 ga Maris 2020 aka sanar da dokar kulle. Mako guda kafin nan mun riga mun tsaya. Matsala ta farko da ta tunkaro mu ta kuɗi ce. Mun biya makaranta kuɗin zango gaba ɗaya tun Janairu, mata kuma sun biya mu. Gwamnati ta fito da tsarin biyan kashi 80 cikin 100 na albashin waɗanda aka zaunar a gida, amma mazajen matanmu da yawa tasi suke ja, wasu matan kuma kitso da ɗinki suke yi a gida, kuɗi ya tsaya musu cak. Mun yi taron kwamiti a Zoom, aka yi ta ja-in-ja. Ma'ajinmu, wata dattijuwa 'yar Jamaika da ta shekara talatin tana alƙalancin wasa, ta ce a riƙe kuɗin don ranar dawowa, in ba haka ba asusu zai ƙare. Ni na tsaya a kan a mayar wa kowa nata, don na san gidan da fam 30 ta zama cefanen mako. A ƙarshe muka kira kowace mace ita kaɗai, ba a zauren WhatsApp ba inda kunya za ta hana ta magana, muka ce ta zaɓa. Kusan rabi suka karɓa. Sauran suka ce a bar shi a asusu. Har yau ban faɗa wa kowa wace ce ta karɓa ba. Ita kuwa makarantar sai da muka yi wata biyar muna rubuta wasiƙa kafin ta yarda ta lissafa mana kuɗinmu a matsayin kafin alƙalami na gaba.

Manyan ma ba su tsira ba. A watan Mayu aka soke kakar babbar gasar ƙasar, Superleague, ƙungiyar garinmu Manchester Thunder da ta ɗauki kofin 2019 ba ta samu damar kare shi ba a shekarar.

Da bazara ta shigo muka fara sa rai. An buɗe zaurukan wasa ranar 25 ga Yuli. Sai daren 30 ga Yuli, jajiberin Babbar Sallah, ana cikin ƙunshi da soye-soye, aka sanar cewa a yankin Manchesta da wasu sassan arewacin Ingila an hana shiga gidajen juna daga tsakar dare. Ba zan manta saƙonnin da suka cika wayata a daren ba. A watan Agusta hukumar netbol ta samu amincewar gwamnati a kan wasu dokoki na wucin gadi: tazarar tsaro ta tashi daga ƙafa uku zuwa huɗu, an cire jefa ƙwallo sama tsakanin mutum biyu, a goge ƙwallo da man kashe ƙwayoyin cuta duk minti 15, ba musayar riguna, a rubuta suna da lambar wayar duk wadda ta zo, kowace ƙungiya ta naɗa jami'ar korona. Ni aka naɗa. Na haddace takardun, na sayi bokiti da tsummoki da robobin man wanke hannu, na wanke riguna goma sha huɗu na shanya. Sai makarantar ta rubuto cewa ba ta karɓar baƙi a gininta har sai abin da hali ya yi, don ta kare ɗalibanta. Ban ga laifinsu ba, nawa yaran ma makaranta suke zuwa. Amma mun rasa ƙofarmu.

Muna cikin neman wani zaure sai ga dokar 24 ga Satumba: manya ba za su wuce shida ba a wasan cikin ɗaki. Ɓangare ɗaya na netbol bakwai ne. Ko rabin fili ba za mu cika ba, kuma kuɗin haya ba ya raguwa don mutum shida ne suka zo.

A waje an yarda a buga, don haka muka gwada. Akwai filin tanis na kwalta a wani lambun shaƙatawa, shingen waya kewaye da shi, ga hanyar masu yawo da karnuka, ga tashar bas tana kallonsa. Ranar farko mata goma sha ɗaya suka zo. Masu hijabi uku ne a ciki, suka buga da dogayen riguna, ɗaya ta taka bakin tata ta faɗi a kan gwiwa. Wasu samari suka tsaya a jikin shinge da waya a hannu. Ba su ce komai ba, wataƙila ma ba hoto suke ɗauka ba, amma mako na biyu ko ɗaya daga cikin ukun ba ta dawo ba. An kawo shawarar mu rataya tamfol a shingen, hukumar lambun ba ta amince ba. Ga shi daga ƙarshen Oktoba duhu na shiga tun kafin yara su gama cin abincin yamma, ga ruwa, ga sanyi. Wata a kwamiti ta ce mu ci gaba da waɗanda za su iya, sauran su same mu daga baya. Na ƙi, kuma har yanzu ina ganin ƙin shi ne daidai, ko da yake ya jawo mana rasa mata biyar da suka koma wata ƙungiya mai fili da fitilu. Cibiyar an kafa ta ne don matan da ba su da wani wurin. In ta zama ta masu iya wasa a fili kaɗai, suna ne kawai ya rage. Kafin gardamar ta mutu ma kulle na biyu ya zo ranar 5 ga Nuwamba, na uku ya biyo baya a farkon Janairu.

Abin da muka yi a waɗannan watanni ba shi da kama da wasa, amma shi ya riƙe mu. Mun ajiye daren Talata a matsayinsa. Ƙarfe bakwai kociyarmu za ta buɗe Zoom, kowa ta ture kujeru a falo, a yi motsa jiki na rabin awa, a jefa ƙwallo a bango, wadda ba ta da ƙwallo ta naɗe safa. Sauran rabin awar hira ce. Mun raba sunaye a tsakanin 'yan kwamiti, duk wadda ba a gani ba sau biyu a jere a kira ta a waya. Ta haka muka gano mai zaman ɗaki ɗaya da yara uku, da wadda aka sallama daga aiki ba ta faɗa wa kowa ba. A Janairu Allah ya yi wa mijin mai tsaron zobenmu rasuwa a asibiti. Doka ta ƙayyade mutum 30 a jana'iza, zaman makoki kuwa babu. Mu da muka saba cika gida kwana uku, a waya muka yi ta'aziyya. Muka tsara girki, kowace rana mace ɗaya ta ajiye kula a bakin ƙofarta, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya zuwa bakin titi su gaisa daga nesa. Haka har ta fita takaba. Allah ya jiƙansa da rahama.

To, Edita, ga yadda dawowar ta kasance a wurinmu. Ranar 29 ga Maris 2021 aka buɗe wasannin waje, ba mu cikin lissafi. Ranar 12 ga Afrilu aka yarda 'yan ƙasa da shekara 18 su yi wasa a ɗaki, washegari aka ɗauki azumi, sai muka samu zauren wata majami'a mai labule, ƙarami, muka fara da 'yan mata goma kafin buɗa baki, atisaye marar nauyi. Manya sai 17 ga Mayu, kwana huɗu bayan Ƙaramar Sallah. Makarantar ta buɗe mana a wannan makon. Mata ashirin da uku suka zo daren Talatar farko, har da mai tsaron zoben namu, da lallen Sallah bai gama fita daga hannun wasu ba. Kociya ta hana a buga cikakken wasa sai bayan mako huɗu, don netbol wasa ne na tsayawa kwatsam da juyi a kan ƙafa ɗaya, gwiwa da idon sawu da suka shekara a zaune ba sa ɗaukar haka. An yi ta ƙorafi, ta tsaya a kan bakanta, kuma babu wadda ta ji rauni.

Sabuwar kaka ta fara a Satumban 2021 da mata talatin da ɗaya. An ƙara mana kuɗin haya saboda shara da feshi. Mun sauya tsarin biya daga na zango zuwa na wata-wata, mun kuma sa a rubuce cewa duk daren da makaranta ta rufe ba da laifinmu ba, ba za mu biya ba. Muna ajiye fam ɗaya daga kuɗin kowace mace a asusun ko-ta-kwana. Ina ba 'yan'uwana mata da ke ƙoƙarin buɗe wuraren motsa jiki a Kano ko Zinder ko Kumasi shawara su nemi irin wannan rubutacciyar yarjejeniya tun ranar farko, su kuma san wani zaure na biyu da za su koma in na farko ya kuɓuce. Mu ba mu yi ba, mun sha wuya.

Roƙona gare ku biyu ne. Ku gyara waccan jimlar a shiri na gaba, ku faɗi cewa masu wasan cikin ɗaki sai tsakiyar Mayu suka dawo. Sannan ku ba netbol ko da minti biyar a wata. Afirka ta Kudu da Malawi da Yuganda duk suna cikin goman farko a duniya a wannan wasa. A 2022 an buga shi a gasar Kwamanwel a Birmingham, a 2023 kuma gasar cin kofin duniya ta zo birnin Kef Tawun, karo na farko a nahiyarmu. Idan kuna da wakiliya mace a nan Ingila, ku turo ta ranar Talata da ƙarfe bakwai na yamma, za mu buɗe mata ƙofa. Na'urar ɗaukar murya kawai za ta shigo da ita, ban da kyamara.

Wassalam,
Taku mai sauraro,
daga Manchesta, Ingila.