Tony Iommi ma ya cancanci shafi a jaridarku

Ya Edita,

Tun rasuwar mawaƙi Ozzy Osbourne a watan Yulin 2025, duk inda aka ambaci ƙungiyar kiɗansu ta Black Sabbath shi kaɗai ake tunawa. Ina roƙon ku ba mai kaɗa jitarsu, Tony Iommi, nasa haƙƙin, domin amon nan mai nauyi daga hannunsa ya fito.

An haife shi a Birmingham ta Ingila a 1948. Yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na dama, na tsakiya da na sa zobe. Shi kuwa bahago ne, da daman yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar sabulun wanke-wanke, ya huda ta da ƙarfe mai zafi daidai kaurin yatsa, ya goge ta har ta zama 'yar hula. Roba zalla santsi take yi a kan tsirkiya, shi ya sa ya yanko fatar tsohuwar rigarsa ya manna a kai. Tsirkiya mai kauri tana yi masa zafi, marar nauyi kuma ba ta kasuwa a lokacin, sai ya ɗaura ta banjo, wani abin kiɗa mai kama da molo. A faifan Master of Reality na 1971 ya sassauta tsirkiyoyin daga E zuwa C#, amon ya yi ƙasa ya yi kauri. Kiɗan heavy metal a kan wannan ya tsaya.

Masu son kwaikwayonsa su kula. In aka sassauta tsirkiya haka kawai, jan da take yi wa wuyan jita yana raguwa, wuyan ya koma baya, ita kuma ta riƙa karkarwa a kan ƙarafan matakai. Maganinsa a sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, kwatan juyi kawai, a bari itacen ya zauna kafin a ƙara, sannan a ɗan ɗaga gadar da tsirkiyoyin ke hawa a kanta. A kuma rage ƙarfin dannawa, don tsirkiya sako-sako tana haura amonta in an matse ta.

Ciwon dajin da aka gano masa a 2012 bai hana shi fitar da faifan Black Sabbath mai suna 13 a 2013 ba. Ranar 5 ga Yulin 2025, yana da shekara 77, ya hau dandamali a filin ƙwallo na Villa Park da ke Birmingham da hulunan nan a yatsunsa.

Naku,
Mai karatu daga Kano