Kifin salmon ya dawo kogin Klamath: ku ba mu labarin dalla-dalla

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ku ware fili ku kawo mana cikakken rahoto kan abin da ya faru a kogin Klamath, wanda ya taso daga jihar Oregon ya ratsa arewacin Kalifoniya a Amurka ya faɗa tekun Fasifik. A watan Oktoban 2024 aka kammala rushe madatsun ruwa guda huɗu da ke kansa, wato J.C. Boyle da Copco 1 da Copco 2 da Iron Gate. Kafin watan ya ƙare sai ga kifin salmon nau'in Chinook a ɓangaren Oregon, wurin da rabon a gan shi tun 1912.

Kifin nan a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sannan ya juyo ya hau kogin da ya fito domin ya zuba ƙwai, daga nan ya mutu. Gawarsa takan zama abincin tsuntsaye da namun daji, ta zama taki ga itatuwan bakin rafi. A can teku kuwa, manyan dabbobin ruwan nan da ake kira orca na gaɓar jihar Washington, waɗanda ba su kai 80 ba yanzu, da Chinook suka fi dogara. Idan aka toshe wa kifin hanya, yunwar har teku take kaiwa. Masunta ma sun ji a jikinsu: a 2023 da 2024 hana kamun salmon aka yi a gaɓar Kalifoniya saboda ƙarancinsa.

Waɗanda suka fi burge ni su ne ƙabilun Yurok da Karuk, 'yan asalin yankin da ke zaune a bakin kogin. A watan Satumban 2002 kifaye sama da 30,000 suka mutu a ƙasan kogin, bayan an karkatar da ruwa zuwa gonakin noman rani. Ruwan ya ragu, ya yi ɗumi, cuta ta ɓarke. Mutanen nan ba su zauna suna kuka ba. Sun yi shekara ashirin suna zanga-zangar neman a rushe madatsun, suna zaman sulhu da kamfanin lantarki mai madatsun da gwamnatoci, har haƙarsu ta cimma ruwa.

Aiki bai ƙare ba, domin laƙar da ta taru bayan madatsun ta gurɓata ruwa na ɗan lokaci, kuma ɗumamar teku na nan tana barazana.

Mu mutanen Hadeja da Nguru da Gashuwa mun san yadda fadamu suka ƙanƙance, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, bayan gina dam ɗin Tiga da na Challawa. Ban ce a rushe su ba, jama'a na sha suna noma da su. Amma ina so ku gayyato masana albarkatun ruwa tare da sarakunan ruwa, a tambaye su a gaban jama'a: wane lokaci ake sako ruwa, nawa ake sakowa, kuma wa ke tuntuɓar masunta kafin a yanke shawara?

Naku,
Mai bibiyar shirye-shiryenku daga Gashuwa, jihar Yobe