Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Ce Muna Rufa Wa Farfesoshi Asiri

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa in har gwamnatin Amurka ta ƙayyade albashin masu bincike, ta yaya farfesa mai tallafin NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, yake kwasar dala 300,000 a shekara. Ka ɗora da cewa mu masu lissafin tallafi a jami'o'i mu ne ke rufa musu asiri. Wannan ta biyun ce ta sosa mini rai, kuma da ka buɗe takardar ƙa'idar kafin ka buɗe baki, da ka hutar da kowa.

Majalisar dokoki ce ke sa iyakar cikin dokar kasafi. A ƙarshen 2011 ta ɗaure ta da mataki na biyu na albashin manyan jami'an tarayya, ta sauko daga dala 199,700 zuwa 179,700. A 2024 ta kai 221,900. Ba ta hana jami'a biyan farfesanta abin da ta ga dama ba. Abin da ta ƙayyade shi ne adadin da za a ɗora lissafi a kansa in za a ciri albashi daga tallafi.

Ɗauki farfesan naka, a ce kashi 20 cikin ɗari na lokacinsa yake ba aikin. Haƙƙinsa dala 60,000 ke nan, amma bisa iyakar 2024, 44,380 kawai tallafin zai biya. Ragowar 15,620 jami'a ce za ta nemo daga aljihunta, kuma haramun ne ta ɗebo daga wani tallafin tarayya. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne malamin da kwantiraginsa na wata tara ne: a 2024 iyakarsa 166,425 ce, amma sai sabon ma'aikaci ya sa masa ta shekara guda. Ranar da masu binciken kuɗi suka gano, jami'a ce ke amayar da rarar. Duk shekara ana bin littattafan nan layi-layi, ranka ya daɗe, ba jiran ka ake ka tono su ba.

Batun NSF, hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka, da ka cusa ba gaminsu ɗaya da na NIH ba. Ita albashin wata biyu a shekara ta saba biya wa babban mai bincike.

Na san zargi ya fi lissafi tara 'yan kallo. Amma in tausayin kuɗin talakawa ne ya motsa ka, ina ka shige game da matasa masu digirin digirgir da ke kwana a ɗakin gwaji? Sai a 2024 NIH ta ɗaga alawus ɗin sabon shiga cikinsu daga dala 56,484 zuwa 61,008, a garuruwa irin Boston inda kuɗin haya kaɗai ke lashe kaso mai tsoka. Su ne ke riƙe da kwalaben gwajin, kuma ko sau ɗaya ba ka ambace su a tambayarka ba.

Wassalam.