Masu ƙananan finafinan soyayya, a gyara sauti kafin a sayi sabuwar kyamara

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan finafinan soyayya da matasan Gombe ke ɗauka da kuɗin aljihunsu su ɗora a YouTube. A ra'ayina labaransu sun fi na manyan furodusoshi ɗanɗano. A ce bakaniken Keke Napep ne ke son mai sayar da awara, kullum ya zo ya saya ya kasa furta komai. Ba Alhaji mai jif, ba rawa. Sai dai sauti na yi musu illa.

Fim ɗin Hausa ba ya nuna so da taɓa jiki. Kowa na tuna yadda ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 kan runguma a bidiyon waƙa. Abin da ya rage wa darakta shi ne ido, murya da shiru. To idan yarinya ta sunkuyar da kai ta ce "na ji" can ƙasa-ƙasa, janareta ya haɗiye maganar, me ya saura?

Gyaran ba tsada. A kai janareta bayan katanga, kamar mita 30, a jawo doguwar waya. Ƙaramar makirfo ta maƙale a ƙirji, tazarar taƙi ɗaya daga haɓa. Da mata ake shan wahala, domin yadin hijabi mai santsi yana gogar makirfon duk lokacin da ta juya, sai a ji ƙaraf-ƙaraf. A manne ta da filasta ta ciki, a manne wayar ma. Mai ɗaukar sauti ya sa abin ji a kunne, ya tsayar da ma'aunin ƙarfin sauti na na'urar naɗi wajen -12, don in ya kai 0 muryar ta fashe, kuma babu editan da zai iya ɗinke ta. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi tsit minti ɗaya a naɗi shirun wurin. Da shi ake cike giɓi wajen haɗawa; in babu, duk yankan da aka yi sai kunne ya kama.

Masu son ɗauka a bakin dam ɗin Dadin Kowa lokacin hunturu su sa wa makirfo rigarta mai gashi, soso kaɗai ba ya tare iska.

Hoto kuma, wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuwa suna zuwa a kan ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Shi ya sa fitila ke kyaftawa a fim. A mayar 25, shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) kuma 1/50.

Sai kiɗan fiyanon nan da ake shimfiɗawa tun daga farko har ƙarshe, wanda ni dai na ɗauka ɓoye ɓarnar sauti ake yi da shi. A cire shi a wurin zance, a bar mu mu ji ƙarar man awara a kasko.

Naka,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe